Iyayen Sojoji da 'Yan Mazan Jiya a Gaban Yaƙin Iraƙi: Me Adawarsu Ta Haifar?

Ranar 15 ga Fabrairun 2003 mutane kusan miliyan guda suka cika titunan Landan suna neman kada a kai wa Iraƙi hari. Birtaniya ba ta taɓa ganin zanga-zanga mai wannan girma ba. Amma ranar 18 ga Maris majalisar dokokin ƙasar ta amince da yaƙin da ƙuri'a 412, masu adawa 149, kuma bayan kwana biyu bama-bamai suka fara sauka a Bagadaza. Daga wannan rana yanayin adawa ya sauya. Muddin sojoji suna bakin daga, duk wanda ya ɗaga murya sai a ce masa yana karya wa yaran da ke fagen fama gwiwa. Wannan zargi yana da nauyi ƙwarai a Amurka da Birtaniya, ya kuma rufe bakin mutane da yawa.

Akwai dai rukunin da zargin ba ya kamawa: uwar da aka kawo mata gawar ɗanta a lulluɓe da tuta, uban da ɗansa ke sintiri a Basra, da sojan da ya dawo da ƙafa ɗaya. Waɗannan su ne abin dubawa a wannan nazari. Ra'ayina shi ne ba su tsayar da yaƙin ba, kuma duk wanda ya ce sun tsayar ya ƙara wa tarihi gishiri. Inda suka bar tambari mai ɗorewa shi ne inda suka mai da baƙin cikinsu tambaya ƙwaya ɗaya wadda dole hukuma ta amsa da takarda a hannu. Inda kuwa suka jingina da jam'iyyar siyasa, ƙarfinsu ya zagwanye da zarar jam'iyyar ta samu abin da take nema.

Tushen abin a Amurka ya koma zamanin yaƙin Biyetnam. A 1967 aka kafa ƙungiyar tsofaffin sojojin Biyetnam masu adawa da yaƙi. A farkon 1971 ta tara sojoji fiye da ɗari a Detroit, suka yi kwana uku suna ba da shaidar ta'asar da suka gani ko suka aikata. A Afrilun shekarar John Kerry, wanda ya yi aiki a rundunar ruwa, ya yi jawabi gaban kwamitin harkokin waje na majalisar dattawa, washegari kuma ɗaruruwan 'yan mazan jiya suka jefar da lambobin yabonsu a harabar majalisa. Sojojin da suka dawo daga Iraƙi sun gaji wannan salo kusan baki ɗaya. Sai dai akwai bambanci babba tsakanin zamanin biyu. A lokacin Biyetnam ana ɗaukar samari aikin soja da tilas, saboda haka fargaba ta shiga gidaje masu yawa. Tun daga 1973 Amurka ta koma rundunar sa kai. A shekarun Iraƙi, waɗanda ke sanye da kaki ba su kai ɗaya cikin ɗari na al'ummar ƙasar ba. Nauyin yaƙin ya taru a kan 'yan gidaje ƙalilan, ana mai da mutum guda fagen daga sau biyu ko uku, wani ma wa'adinsa ya cika a hana shi ajiye aiki. Sauran jama'a suna kallo ne ta talabijin, kuma ko a talabijin ɗin ba sa ganin akwatunan gawa, domin tun 1991 aka haramta ɗaukar hotonsu a sansanin Dover inda ake sauke su. Sai a 2009 aka ɗage haramcin.

Wannan yanayi ya ba iyalan sojoji daraja ta musamman, ya kuma ware su gefe guda. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma idan maƙwabta duka suna kwance a busasshen wuri, da wuya kukansa ya tashe su.

Ƙungiyar iyalan sojoji ta farko a Amurka da ta yi adawa da yaƙin, Military Families Speak Out, ta kafu ne a Nuwamban 2002, tun kafin a harba harsashi ɗaya. Iyalai biyu ne suka fara ta, ciki har da Nancy Lessin da Charley Richardson, waɗanda ɗansu ke cikin sojojin ƙundumbala na ruwa. A Yulin 2004, a birnin Boston, wasu da suka dawo daga Iraƙi suka kafa Iraq Veterans Against the War da buƙatu uku: a janye dakaru nan take, a biya mutanen Iraƙi diyyar ɓarnar da aka yi musu, a kuma kula da lafiya da haƙƙin sojojin da suka dawo. Masaniyar zamantakewa Lisa Leitz, wadda ita ma matar soja ce, ta bibiyi waɗannan ƙungiyoyi a littafinta na 2014. Abin da ta nuna shi ne sun ƙwace taken goyon bayan sojoji daga hannun gwamnati, suka juya shi: wanda yake ƙaunar soja da gaske, ya dawo da shi gida yanzu, ya kuma kula da shi idan ya dawo.

Wadda ta fi kowa fito da wannan saƙo fili ita ce Cindy Sheehan. An kashe ɗanta Casey, mai shekara 24, a unguwar Sadr ta Bagadaza ranar 4 ga Afrilun 2004. Ranar 6 ga Agustan 2005 ta isa ƙauyen Crawford na jihar Teksas, inda Shugaba George Bush ke hutu a gonarsa, ta zauna a gefen hanya cikin zafin bazara, ta ce ba za ta tashi ba sai ya fito ya faɗa mata wace manufa mai daraja ce ɗanta ya mutu dominta, tunda haka shugaban yake kiran yaƙin. Bush ya aiko da manyan jami'ansa biyu, shi bai fito ba. Magoya bayanta suka jera ƙananan gicciye farare a bakin titi, kowane ɗaya da sunan sojan da ya mutu. Wani dare wani mutum ya bi ta kansu da motar a-kori-kura ya tattake su. Manema labaran fadar shugaba suna nan jibge a Crawford ba su da wani labari, sai ga mace ɗaya da kujerar roba da tambaya ɗaya. Kusan wata guda ana haska ta kullum.

Me wannan ya haifar? A nan ya kamata a yi hattara. Kafin Sheehan ta isa Crawford, ƙuri'un jin ra'ayi sun riga sun nuna cewa Amurkawa da yawa sun fara ganin yaƙin kuskure ne. Ba a samu makaman ƙare dangi da aka fake da su ba, hotunan azabtarwa na gidan yarin Abu Ghuraib sun fita tun Afrilun 2004, gawawwaki kuma suna ƙaruwa. Abin da ta yi shi ne ta ba wannan ƙorafi fuska da suna, ta kuma sauƙaƙa wa ɗan siyasa ya soki yaƙin ba tare da tsoron a kira shi maci amana ba. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Amma masu goyon bayan yaƙin sun gane dabarar, suka fito da nasu iyayen da suka rasa 'ya'ya, suka yi ayari zuwa Crawford suna cewa Sheehan ba da yawunsu take magana ba. Nan ne raunin hujjar makoki ya bayyana: kowane ɓangare yana da matattunsa, kuma uwar da ta yi imani ɗanta ya yi mutuwar jarumta ba wanda ya isa ya ce mata hawayenta bai kai na ɗayar ba. A ƙarshen Agusta guguwar Katrina ta afka wa New Orleans, kyamarori suka kwashe suka tafi.

Abin da ya biyo baya ya fi koyarwa. A Nuwamban 2006 jam'iyyar Dimokrat ta karɓe majalisun biyu, kuma fushin yaƙin na cikin manyan dalilai. Martanin Bush a Janairun 2007 shi ne ƙara dakaru fiye da dubu ashirin. Sabuwar majalisar ta ci gaba da sakin kuɗin yaƙi. A Mayun 2007 Sheehan ta sanar da ficewarta daga jam'iyyar cikin ɓacin rai, a 2008 kuma ta tsaya takara da kakakin majalisa Nancy Pelosi ta sha kaye. Masana biyu, Michael Heaney da Fabio Rojas, sun yi shekaru suna tattara bayanai daga masu zanga-zanga a tituna, kuma littafinsu na 2015 ya nuna cewa da 'yan Dimokrat suka hau mulki, musamman bayan zaɓen Barack Obama, magoya bayan jam'iyyar sun daina fitowa, alhali yaƙi bai ƙare ba. Iyalai da 'yan mazan jiya ne suka rage a filin, cikin taron da ke ta raguwa. Dakarun Amurka ba su bar Iraƙi ba sai a Disamban 2011, bisa yarjejeniyar da gwamnatin Bush da kanta ta ƙulla da Bagadaza a 2008. Zuwa lokacin sojojin Amurka kusan 4,500 sun mutu.

Sojojin da ke cikin aiki kuwa sun biya farashi mai tsada. Camilo Mejía, wanda ya ƙi komawa Iraƙi bayan hutu, kotun soja ta ɗaure shi shekara guda a 2004. Laftanar Ehren Watada ya zama hafsa na farko da ya fito fili ya ƙi tafiya, a 2006, yana mai cewa yaƙin ya saɓa wa doka. Shari'arsa ta watse a 2007 ba tare da hukunci ba, kuma kotun ba ta yarda a tattauna halascin yaƙin ba. Tambayar da ya sadaukar da aikinsa dominta ita ce aka hana shi gabatarwa.

A Birtaniya lamarin ya ɗauki wata hanya, kuma a ganina nan ne nazarin ya fi armashi. Sojojinta 179 ne suka mutu a Iraƙi, adadin da bai kai ko kusa da na Amurka ba, amma iyalansu sun bi diddigin kowace mutuwa da naci mai ban mamaki. Dokar ƙasar ta taimaka musu: gawar sojan da aka dawo da ita gida sai jami'in binciken musabbabin mutuwa ya zauna a kanta a bainar jama'a, a kira shaidu, iyali su yi tambaya.

Dubi Reg Keys, tsohon ma'aikacin motar ɗaukar marasa lafiya. Ɗansa Tom yana cikin 'yan sandan soja shida da gungun mutane suka kashe a wani ofishin 'yan sanda a garin Majar al-Kabir ranar 24 ga Yunin 2003. Bincike ya nuna an tura su da harsasai kaɗan, ba su kuma da wayar tauraron ɗan'adam da za su nemi ɗauki da ita. A zaɓen Mayun 2005 Keys ya tsaya takara da Firaminista Tony Blair a mazaɓarsa ta Sedgefield. Ya samu ƙuri'a 4,252, wajen kashi goma cikin ɗari. Bai yi nasara ba, amma al'adar zaɓen ƙasar ta ba shi abin da Sheehan ta nema ta rasa: dukkan 'yan takara suna tsayawa a dandamali ɗaya idan ana faɗin sakamako. Haka Blair ya tsaya a bayansa, fuska a ɗaure, yana sauraron uban mamaci yana cewa yana fata wata rana firaminista zai nemi gafarar iyalan da suka yi rashi.

Sai Rose Gentle ta unguwar Pollok a Glasgow. Ɗanta Gordon yana da shekara 19, bai daɗe da gama horo ba, lokacin da bam ɗin gefen hanya ya tashi da motarsu a Basra ranar 28 ga Yunin 2004, ranar da aka miƙa wa gwamnatin riƙon ƙwarya ta Iraƙi mulki. Ita da Keys da wasu suka kafa ƙungiyar iyalan sojoji masu adawa da yaƙin. Ta kai ƙara tana neman a tilasta wa gwamnati binciken halascin mamayar, shari'a ta kai har majalisar iyayen ƙasa, wadda a lokacin ita ce kotun ƙoli, kuma a Afrilun 2008 alƙalai suka yi watsi da ƙarar. Amma a 2007 binciken mutuwar Gordon ya riga ya tabbatar da wani abu mai ciwo: na'urar da ke toshe siginar tayar da irin wannan bam tana ajiye a ɗakin kaya, ba a ɗauko an ɗaura wa motarsu ba. Babbar tambayar, wato ko yaƙin halas ne, kotu ta ce ba hurumunta ba ne. Ƙaramar tambayar, ina na'urar take a ranar, ita ce ta sami amsa.

Wannan salo ya maimaitu a batun motar Snatch Land Rover. An ƙera ta ne don sintiri a titunan Ireland ta Arewa, sulkenta ba ya tare bam ɗin da aka binne, har sojoji suka riƙa kiranta akwatin gawa mai tafiya. Sue Smith, wadda ɗanta Phillip Hewett ya mutu cikin irinta a Amara a Yulin 2005, ta yi shekaru tana shari'a da ma'aikatar tsaro. A Yunin 2013 kotun ƙoli ta yanke cewa haƙƙin rayuwa da yarjejeniyar haƙƙin ɗan'adam ta Turai ta tanada yana bin soja ko yana wajen ƙasa, kuma iyali na iya ƙarar gwamnati kan sakaci wajen samar da kayan aiki. A 2017 ministan tsaro Michael Fallon ya rubuta mata wasiƙar ban haƙuri. Wannan hukunci ya sauya doka, kuma zai shafi duk wani yaƙi da ƙasar za ta shiga nan gaba.

Mai karatu a Arewacin Najeriya ba zai rasa jin wani abu a nan ba. A Agustan 2014 matan sojoji a barikin Giwa na Maiduguri sun tare ƙofa suka ƙona tayoyi don hana a tura mazajensu yaƙi da Boko Haram ba tare da isassun makamai ba. Su ba adawa suke da yaƙin ba, bambancin ke nan. Amma tambayar kayan aiki iri ɗaya ce, sai dai su ba su da zauren bincike na bainar jama'a da zai tilasta wa wani jami'i ya zo ya yi bayani da rantsuwa.

Ƙololuwar nacin iyalan Birtaniya shi ne kwamitin Sir John Chilcot, wanda Firaminista Gordon Brown ya kafa a 2009 bayan shekaru ana matsa wa gwamnati. Aikin ya ja har sai da iyalai suka yi barazanar kai kwamitin kansa kotu a 2015. Ranar 6 ga Yulin 2016 rahoton ya fito, kalmomi kusan miliyan biyu da dubu ɗari shida. Ya ce Birtaniya ta shiga mamayar tun ba a gama bin hanyoyin lumana ba, an gabatar da bayanan leƙen asiri da tabbacin da ba su cancanta ba, shirin abin da zai biyo bayan faɗuwar Saddam Husaini bai wadatar ba, kuma jinkirin samar da motocin sulke bai kamata a lamunce shi ba. Ya kuma fito da wasiƙar da Blair ya rubuta wa Bush a Yulin 2002, watanni takwas kafin yaƙi, yana ba shi tabbacin yana tare da shi ko ta halin ƙaƙa. Ba a gurfanar da kowa ba. Sai dai abin da iyayen suka yi shekara goma sha uku suna faɗa, ana cewa baƙin ciki ne ke ɗibarsu, ya zama bayanin hukuma. Tun ma kafin rahoton, a Agustan 2013, majalisar dokoki ta ƙi amincewa da kai wa Siriya hari da ƙuri'a 285, masu goyon baya 272, kuma sunan Iraƙi ne ya mamaye muhawarar. Ba za a ce iyalan kaɗai suka jawo haka ba, amma su ne suka hana maganar ta kwanta.

Akwai wuraren da iyaye mata suka fi haka tasiri, kuma kwatancin yana haska dalili. A Isra'ila, bayan jiragen soja biyu masu saukar ungulu sun yi karo a Fabrairun 1997 a hanyarsu ta zuwa kudancin Labanon, sojoji 73 suka mutu, wasu mata huɗu suka fara yunƙurin neman janyewa. Ehud Barak ya ɗauki alkawarin a zaɓen 1999, dakaru suka fita a Mayun 2000. A Rasha, kwamitin iyayen sojoji mata da aka kafa a 1989 ya sa mata suka shiga Chechniya da ƙafarsu a 1995 suna neman 'ya'yansu. Ƙasashen biyu suna ɗaukar soja da tilas, don haka kowace uwa tana ganin kanta a cikin masu kukan. Rundunar sa kai tana rage wa gwamnati wannan matsi, kuma masu tsara manufofin tsaro sun san da haka.

Saura batu guda da ba ya yi mini daɗi, amma dole a faɗe shi. Ƙarfin waɗannan iyalai ya samo asali ne daga yadda ƙasashensu suke fifita jinin nasu a kan na wasu. Ana sauraron Rose Gentle domin ɗanta ɗan Birtaniya ne. Fararen hular Iraƙi da suka mutu sun haura dubu ɗari ko a lissafin da ya fi kowane taka-tsantsan, kuma babu uwa ɗaya daga Falluja ko Basra da aka ba ta dandamali irin na Sedgefield. Ba laifin iyayen sojojin ba ne, wasunsu ma sun yi ta nanata wannan magana. Amma tsarin sauraron haka yake. Har ma akwai haɗarin cewa hujjar kayan aiki ta juye ta zama kira ga yaƙi mai ingantattun motoci, maimakon kira ga barin yaƙin.

Waɗanda suka yi ƙoƙarin cike wannan giɓi su ne tsofaffin sojojin, domin su ne suka ga Iraƙawa ido da ido. A Maris na 2008 suka taru a Silver Spring, kusa da Washinton, suka yi kwanaki suna ba da shaida kamar yadda magabatansu na Biyetnam suka yi: yadda ƙa'idar buɗe wuta take sassautowa, yadda ake harbin motar iyali a shingen bincike, yadda ake fasa ƙofofin gidaje da tsakar dare a tara mata da yara a ɗaki ɗaya. Wasu sun kawo hotuna da bidiyon da suka ɗauka da hannunsu, suna ambaton laifin kansu. Manyan kafofin labaran Amurka kusan duka sun kau da kai daga taron. Uwa mai makoki labari ce da ƙasa za ta iya ɗauka, amma sojan da ke cewa ga abin da muka yi wa mutane yana neman ƙasar ta dubi kanta, kuma masu son hakan kaɗan ne. A Mayun 2012, lokacin taron ƙungiyar tsaro ta NATO a Chicago, tsofaffin sojojin Iraƙi da Afganistan da dama sun jefar da lambobin yabonsu, wasunsu suna neman gafarar mutanen ƙasashen biyu da babbar murya. Buƙata ta biyu ta ƙungiyar Iraq Veterans Against the War, wato diyya ga Iraƙawa, har yau babu gwamnatin da ta ɗauke ta a matsayin manufa, a Washinton ko a Landan.